Dala 1,400 don kallon tsuntsaye a Gambiya: a biya ko a haƙura?

Malam Garba U/Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni fita. Tun kafin in ajiye aiki nake da burin in je wata ƙasa in yi kallon tsuntsaye a tsanake, da ɗan jagora nawa ni kaɗai, ba cikin ayari ba. Na yi magana da wani jagora a Gambiya, ya turo mini lissafi: dala 1,400 na kwana takwas a watan Disamba. A ciki akwai mota da direba da mai, masauki, karin kumallo da abincin dare, kuɗin shiga wurare da na kwalekwale. Tikitin jirgi ba ya ciki. Za mu fara da bakin teku, Kotu da Abuko da Tanji, sannan mu nausa cikin ƙasa ta Tendaba har Janjanbureh. In an buga dala a 1,500, miliyan biyu da dubu ɗari ke nan, in aka haɗa da tikiti da guzuri zai haura miliyan uku. Daga garatuti zan cira. Farashin ya yi daidai? Kuma abin da zan gani ya kai wannan kuɗin?

Alhaji Shehu Kawo: Wa alaikumus salam. Malam Garba, tsakani da Allah, miliyan uku a wannan marra? Ni da ni ne Umara zan tafi. Tsuntsaye ga su nan a darbejiyar ƙofar gidanka, ba ko sisi.

Malam Garba U/Rimi: Alhaji, alhamdu lillahi na sauke farali tun ina bakin aiki, yara sun kama gabansu, kuma ba wanda ke bina bashi. Ba don haka ba da ban ma kawo maganar nan ba.

Malam Isiyaku T/Wada: Alhaji Shehu, ban ga almubazzaranci a nan ba matuƙar kuɗin halal ne kuma an sauke haƙƙin iyali. A Suratul Mulk aya ta 19 da Suratun Nahl aya ta 79 an ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye a sararin sama, mu ga wanda yake riƙe da su. Mutumin da zai tsaya ya ƙura wa halitta ido da wannan niyya bai yi asarar lokacinsa ba. Abin da kawai zan ce wa Malam Garba: garatuti ba ya zuwa sau biyu. Ka fara ware na asibiti da na ko-ta-kwana, abin da ya saura shi ne na tafiya.

Alhaji Shehu Kawo: To, Allah gafarta Malam, na ji. Amma dai kuɗin da yawa.

Abubakar Kabala: Baba Garba, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa zan ɗan tsawaita. Ni damuwata ba yawan kuɗin ba ce, ƙasar da aka zaɓa ce. Gambiya ta yi suna a wannan harka saboda Turawan Ingila da na Holand, waɗanda ke gudun sanyi su sauka Banjul cikin 'yan sa'o'i. A wurinsu komai sabo ne: cilakowa sabuwa, carki sabo, ragon maza sabo, hasbiya ma sai sun ɗauke ta hoto. Ƙasar 'yar ƙarama ce amma an ƙirga tsuntsaye iri fiye da 500 a cikinta, shi ya sa Bature ke komawa gida da dogon jeri yana murna. Mu fa? Dajin Gambiya na cikin ƙasa dangin namu ne, ga kuka, ga ƙirya, ga ɗorawa, ga giginya. Mafi yawan tsuntsayen da za a nuna maka tsakanin Tendaba da Janjanbureh ka riga ka san su, wasunsu a Malali nan Kaduna ma kana ganinsu. Nijeriya tana da iri fiye da 900. Ke nan za ka biya farashin da aka yanka wa Bature, amma sabon abin da za ka gani bai kai nasa ba ko kusa.

Dakta Ladi Barnawa: Abubakar ya taɓo inda ya dace. Baba, kafin ka tura wa kowa dala, ka taɓa zuwa Amurum? Yana nan Laminga kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001, tare da Jami'ar Jos. Wurin ba shi da faɗi, amma an ga iri wajen 300 a cikinsa. Akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu wanda masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi na daban ba sai 1998, ga kuma wani ɗan baƙi mai sheƙi da ke zuba ƙwai a sheƙarsa, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon kukan mai riƙonsa. Mutane na tasowa daga Turai musamman don waɗannan biyun. Kai kuwa motar haya ce kawai tsakaninka da su. Haka Hadejia zuwa Nguru lokacin hunturu, agwagin ruwa da 'yan bakin fadama da suka tsallako Sahara daga Turai suna sauka da dubbai, musamman wajen Dagona.

Malam Garba U/Rimi: Dakta, na je Amurum, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Nguru ce ban samu zuwa ba. Abubakar, maganarka ta shige ni, ban dube ta ta wannan fuskar ba.

Hajiya Rabi Malali: Salamu alaikum. Ni mun je Gambiya da maigida, kuma da ɗan jagora namu mu biyu, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Abin da Abubakar ya ce gaskiya ne rabi. Na cikin ƙasa kam mun san yawancinsu. Amma bakin teku wata duniya ce daban ga mutumin Kaduna. A Tanji, inda masunta ke sauke kifi, tsuntsayen teku ne fari fat a kan yashi, manya da ƙanana, wasu da jan baki kamar karas, ga kwasakwasa can nesa. Ban san ko ɗaya ba. Jagoranmu ya kafa babban madubinsa na hangen nesa mai ƙafa uku ya nuna mana wani shaho mai kamun kifi da zobe a ƙafa, ya ce irinsu daga Turai suke zuwa cin rani.

A Tendaba kuma aka sa mu a kwalekwale aka tsallaka kogin Gambiya, muka shiga wasu siraran rafuka a Bao Bolong, cikin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Sai an jira ruwa ya ciko ake shiga, in ya janye taɓo ne zalla. Mai jirgin ya kashe inji muna tafiya a hankali. Jagoran ya taɓa kafaɗar maigida ya nuna ƙarƙashin saiwoyi, ni ban ga komai ba sai duhu. Can sai wani abu mai kama da agwagwa ya fito yana kaɗa wuya gaba da baya, ya hau kan saiwa, ƙafafunsa jajaye wur, ya sake shigewa. Ko minti ɗaya bai yi ba. Da mu kaɗai ne, da mun wuce shi sau goma ba mu sani ba. A ranar muka ga zalɓen nan da ya fi kowane zalɓe girma a duniya, yana tsaye a taɓo shi kaɗai.

Sannan ga abin da ba a rubutawa a lissafi. Ni gwiwa na damuna. Da ayari muke, ko dai in riƙe mutane ko a bar ni a mota. Namu kuwa in na gaji sai a nemi inuwa a zauna, ya ce mu jira su za su zo. Lokacin salla na yi ya tsaya, shi ma ya yi tasa, don yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne. Abinci ba ka tambayar yanka.

Abubakar Kabala: Hajiya, ranki ya daɗe, ban musa ba. To ai sai a gyara tsarin: a ƙara kwanakin bakin teku da Tendaba, a rage na cikin ƙasa. Doguwar tafiyar ita ke cin mai da kuɗin mota.

Hajiya Rabi Malali: Haka ne ɗana. Wani abu kuma da ya sa ni ƙwalla: ungulaye. A gefen hanya, a kan rufin kasuwa, a bakin mahauta, ko'ina. Waɗanda suka girma a Kaduna sun san yadda suke cika kwata da, yanzu sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba. Na tsaya ina ta kallonsu har jagoran ya yi mamaki, don shi a wurinsa ba abin nunawa ba ne.

Dakta Ladi Barnawa: Wannan ungulun da Hajiya ke faɗa, tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da suka fi kusa da ƙarewa a duniya. Guba da farautarta don kasuwar magani su suka cinye ta a wurinmu, kuma gaɓar Gambiya na cikin 'yan wuraren da har yanzu take da yawa. Gauraka ma haka, ita ce tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya amma da ƙyar ake ganinta a dajinmu. Masu son ganinta su kan tsallaka arewacin Senegal, wurin da ake kira Djoudj, inda kwasakwasa ke ƙyanƙyasa da dubbai. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981. Sai dai yana da nisa daga Banjul, in aka haɗa shi lissafin zai tashi.

Injiniya Nuhu Mando: Malam Garba, bari in shigo ta ɓangaren kuɗi, don nan na fi sani. Ka raba lissafin nan gida biyu. Akwai abin da ake biya a kan kowane mutum: gado, abinci, kuɗin shiga. Akwai kuma wanda ba ya canzawa ko kai kaɗai ne ko ku huɗu ne: mota, mai, direba, ladan jagora, kwanansu da cinsu a hanya, hayar kwalekwale. Wannan na biyun shi ne mai nauyi, kuma kai kaɗai kake shirin ɗaukarsa. In kun zama uku, kowa zai ga sauƙi sosai, kuma uku ba ayari ba ne, har yanzu ku ke da iko da lokacinku. Amma kada ku wuce huɗu. A cikin kurmi na gaba ne ke gani, kafin na biyar ya ɗaga madubi tsuntsun ya tashi.

Kamfanonin Ingila da Amurka da ke shirya irin wannan tafiya sun fi haka tsada nesa ba kusa ba, saboda suna turo nasu shugaban tafiya, ga kuɗin ofis, ga riba, kuma a ƙarshe ɗan ƙasar ne dai zai nemo tsuntsun. Don haka zuwa kai tsaye wurin ɗan ƙasa da ka yi daidai ne. Farashin da ya ba ka bai yi mini kama da cuta ba. Nairarmu ce ta faɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Shi bai ƙara komai ba, mu ne abin ya ninka mana.

Alhaji Shehu Kawo: Yauwa. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Injiniya Nuhu Mando: Alhaji, na ce ya yi tsada, ban ce bai dace ba. Hatsarin da ke ciki shi ne kafin alƙalami. Na taɓa tura wa wani rabin kuɗi a wata ƙasa, da na sauka sai ya turo mini ƙaninsa, wai shi ya samu wasu baƙi. Yaron yana da ladabi, amma littafi yake buɗewa yana neman hoton tsuntsun da ni na riga na gane. Tun daga nan sharaɗina uku: a rubuta cewa shi da kansa zai fita da ni, kafin alƙalami kada ya wuce na kama masauki, sauran kuma in biya hannu da hannu. Ka ce ya haɗa ka da mutum biyu da ya taɓa yi wa aiki. Ka duba sunansa a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, ka ga ko yana shigar da abin da ya gani, da wuraren da yake zuwa. Ka tambaye shi tukuicin masu tsaron wurare da ruwan sha a kan wa suke, don irin waɗannan ƙananan ne ke ɓata zumunci a rana ta ƙarshe.

Amma ni da za ka bi tawa, in dai sabon abu kake so, Uganda. Suna da iri fiye da 1,000. A fadamar Mabamba, bakin tafkin Victoria kusa da Entebbe, ake shiga kwalekwale da sassafe a nemo wani ƙaton tsuntsu mai launin toka da ake kira shubil, tsayinsa ya haura mita ɗaya, bakinsa faffaɗa mai ƙugiya a ƙarshe. Sai ya daɗe a tsaye ko motsi babu, yana jiran kifi ya taso shan iska, sannan ya faɗa masa gaba ɗaya. Babu irinsa a Afirka ta Yamma. Sai dai akwai biza dala 50, tikiti ya fi tsada, kuɗin shiga gandun dajinsu da dala ne, tafiyar mota kuma doguwa.

Dakta Ladi Barnawa: Ko Gana, tunda fasfon ECOWAS ya wadatar kamar Gambiya. Kurmi ne sosai, tsuntsayensa ba irin na Kaduna ba. A Kakum akwai gadar igiya da aka ɗaure a saman bishiyoyi, kana tsaye daidai da tsuntsayen da a ƙasa sai dai ka ji kukansu. A ƙauyen Bonkro kuma akwai wani mai sanƙon kai rawaya da ke gina sheƙar laka a jikin dutse, ana hawa tudu a zauna shiru a jira dawowarsa da yamma. Amma Baba, kallon kurmi yana da wuya, ga zafi ga gumi ga ciwon wuya. A can ne ma jagora ya zama dole.

Fatima Rigasa: Don Allah ina da tambaya, ni sabuwa ce. Tunda akwai Merlin a waya da ke gane tsuntsu ta hoto da ta kuka, me ya sa sai an biya mutum wannan kuɗin?

Abubakar Kabala: Malama Fatima, yana taimakawa, amma wajen kuka bai ƙware a kan na Afirka ba kamar yadda ya ƙware a na Amurka da Turai, don muryoyin namu da aka naɗa ba su da yawa. Kuma waya ba ta san wace bishiya mujiya ke kwana a wannan makon ba, ba ta san wane kududdufi ne bai ƙafe ba. Jagoran kirki kunne ake saya a wurinsa. Wasu ma fito suke yi irin kukan 'yar ƙaramar mujiya, sai ka ga ƙananan tsuntsaye sun taru a kan bishiya suna masifa za su kore ta, kai kuma ka ƙare musu kallo.

Dakta Ladi Barnawa: A nan zan ɗan ja hankali. Fito sau ɗaya ba laifi, amma wanda zai kunna lasifika ya yi ta maimaita kuka a wurin da ake kawo baƙi kullum yana wahalar da tsuntsu, musamman mai ƙwai. Wanda ya biya kuɗi yana da bakin cewa a bari.

Malam Garba U/Rimi: Na gode muku duka. Bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Ba yawan iri nake bi ba. Abin da nake ƙishirwa shi ne in fita bayan asuba in shiga daji da madubi a wuya, in yi tafiyata ba ina waige ba. Da muna zuwa Kamuku ta Birnin Gwari, wurin da ya zama gandun dajin ƙasa a 1999, muna zuwa kurmin Kagoro. Yau wa zai ce wa iyalinsa zai kwana a dajin Birnin Gwari don tsuntsu? Ko bayan gari nan sai ka yi lissafi kafin ka sauka daga kwalta.

Abubakar Kabala: Wallahi Baba wannan gaskiya ce, kuma ta fi duk hujjar da na kawo nauyi. Mu masu aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda aka fara a 2015, mun sani. An yanka ƙasar gida-gida, kowane kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, ana shiga ana rubuta abin da aka gani, kuma in ka dubi taswirar za ka ga inda ba a iya shiga. Ni kaina 'yan sintiri sun taɓa tsare ni a wani ƙauye, suka ga madubi da kyamara da littafin rubutu suka ɗauka leƙen asiri nake yi. Ban ga laifinsu ba, abin da suka gani ya isa ya sa su zargi kowa. Sai da na nuna wa mai unguwa hotunan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu da Hausa, sannan aka sallame ni. Yanzu ba na shiga ko'ina sai na fara gaida mai gari.

Alhaji Shehu Kawo: Subhanallahi. To in don wannan ne, Malam Garba, na janye rabin maganata. Rabin da ya rage shi ne kada ka tafi kai kaɗai, ga shekaru ga baƙuwar ƙasa.

Hajiya Rabi Malali: Malam, in ka tsaya a kan Gambiya, Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi. Damina ta ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sun iso. Akwai kuma wani kyakkyawan ɗan bakin ruwa mai toka da baƙi da ruwan goro a ƙirji da ake nema wajen Kaur da Basse, in shekara ta juya yakan yi wuyar gani.

Abubakar Kabala: Shi ma muna da shi a yashin Neja da Binuwai, Hajiya, amma na yarda can ya fi sauƙin kaiwa.

Injiniya Nuhu Mando: In za a koma mutum uku, a sa da ni. Uganda ta jira wata shekarar. Sharaɗina a kwana biyu a Tendaba don a shiga ruwan sau biyu, safe da yamma, gwargwadon cikowarsa.

Malam Garba U/Rimi: Madalla, Injiniya. Yau da dare zan rubuta masa ya ba mu farashin mutum uku da na huɗu, a tsaya a Kaur a fasa Janjanbureh, a ƙara kwana a bakin teku, kuma ya rarrabe mana kuɗin mota da na masauki da ladansa kowanne daban. Zan nemi lambar mutum biyun da ka ce. Saura mutum ɗaya ko biyu, wanda ke da niyya ya yi mini magana ta gefe kafin ƙarshen wata, don tikiti ba ya jira.

Dakta Ladi Barnawa: Ku duba fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara. Jirgi kuma ku gwada farashin ta Legas da na sauyawa a Lome, wani lokaci da bambanci. Baba, tsuntsayen bakin ruwa suna da rikitarwa, duk launinsu ɗaya a idon baƙo. Ina da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma, zan ba Abubakar ya kawo maka ka fara bitar wannan sashen tun yanzu.

Abubakar Kabala: To Anti, zan biyo Barnawa ranar Juma'a in karɓa. Asabar muna bakin kogi ta Gamji ƙarfe shida da rabi, ruwa ya fara janyewa, yashi ya fito, 'yan bakin fadaman sun soma sauka. Malama Fatima, ki zo, akwai madubi na aro.

Fatima Rigasa: In sha Allahu zan zo. Ta babbar ƙofa ake haɗuwa ko ta wajen gada?

Abubakar Kabala: Ta babbar ƙofa. Kowa ya zo da ruwansa da takalmin da zai iya taka taɓo.